Waya Tana Kwafe Kanta Kullum Dare, Kwamfuta Fa?

Duk wanda ya canza waya a 'yan shekarun nan ya san daɗin abin. Da zarar ya shigar da adireshinsa na Gmail a sabuwar wayar, lambobin mutane su dawo. Ya buɗe WhatsApp, a tambaye shi ko yana son a maido masa da tsofaffin hirarrakinsa, ya danna, nan da nan ga saƙonnin bara da na bara waccan sun jeru. Bai yi wata dabara ba. Manhajar ce ke kwafe hirarrakin da kanta da misalin ƙarfe 2 na dare, yana barci, sannan ta tura su Google Drive bisa tsarin da ya zaɓa tun ranar farko, wanda ma ya manta ya zaɓa.

Wannan matashin kuma yana da laftof. A cikinta ne kundin kammala digirinsa yake, an gama babi huɗu saura ɗaya. Ko kuma hotunan bikin da aka biya shi ya ɗauka, bai kai ga miƙa wa masu su ba. Ko lissafin shagon maigidansa na shekara uku a Excel. Duk kwafi ɗaya ne tak. Idan aka tambaye shi, sai ya ce ai akwai a filash. Idan aka duba filashin, sai a tarar da kwafin watan jiya ne, in ma filashin ba ya hannun wani aboki da ya ara.

Kwamfutar da ake neman abinci ko ilimi da ita bai kamata ta kwana ba tare da manhajar da ke yi mata ajiyar ko-ta-kwana da kanta ba, wato abin da matasa ke kira bakof. Dalilin kuwa ya fi shafar ɗan Adam fiye da na'urar. Kowa ya san yadda ake kwafar fayil zuwa filash, amma ba wanda ke yi kullum. Ranar da aiki ya fi yawa, wadda ita ce ranar da fayil ya fi canzawa, ita ce ranar da mutum ke rufe kwamfuta a gajiye ya ce gobe. Manhaja ba ta san gobe ba, lokacinta na yi za ta kwafa.

Hanyoyin da fayil ke salwanta suna da yawa, kuma akasarinsu ba sa sallama. Tsohon samfurin faifan ajiya, wanda har yanzu ake samu a kwamfutocin tokumbo, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa. Jaka ta faɗi daga babur ko a buga ta da ƙofar adaidaita-sahu, allurar ta karci faifan, shi ke nan. Kuma wanda ya sayi ta hannu ya sayi faifan da ya riga ya yi shekaru yana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka. Sabon samfurin SSD ba shi da abin da ke juyawa, ya fi jure faɗuwa, amma idan zai mutu ba ya yin ƙara ko nawa kamar yadda tsohon kan yi, kawai wata safiya kwamfuta ta ƙi ganin sa. Ceto bayanai daga cikinsa ma ya fi wahala, domin yakan share gurbin fayil ɗin da aka goge ba da daɗewa ba. Ga sata. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar adana fayil a kwamfutar da batirinta ya mutu. Ga mai gyara da maganinsa na kowace cuta shi ne a yi fomat a zuba sabuwar Windows. Hatta kamfanin da ya ƙera babbar manhajar ba a rasa shi a jerin ba: a watan Oktoba na 2018 Microsoft ya janye wani sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan da fitar da shi, bayan an gano yana goge wa wasu mutane fayilolinsu.

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a shagunan gyara: a raba ma'adanar kwamfuta gida biyu, C da D, a riƙa zuba muhimman abubuwa a D. Shawarar tana da amfani ranar fomat kawai. C da D ɗakuna biyu ne a gida ɗaya. Faifan da ke ɗauke da su ɗaya ne, ranar da ya mutu ko aka sace kwamfutar, tare za su tafi.

Yadda manhajar ke aiki

Abin da ke ba mutane tsoro shi ne zaton cewa kullum sai an sake kwafe komai. Ba haka ba ne. Karo na farko ne kawai manhajar ke ɗaukar cikakken kwafi, wanda kan iya cin awanni. Daga nan sai ta koma gadi. Duk bayan wani lokaci za ta duba waɗanne fayiloli ne aka taɓa, ta kwafi su kaɗai, ta ajiye sabon kusa da tsohon ba tare da ta goge tsohon ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce zuciyar al'amarin. Ɗalibin da ya share shafi goma bisa umarnin malamin da ke duba aikinsa, bayan mako biyu malamin ya ce a maido su, zai iya komawa ya ɗauko fayil ɗin yadda yake kafin sharewar. Wanda ke kwafa da hannu kuwa yawanci sabon yake dannewa a kan tsohon, don haka idan fayil ya lalace bai lura ba, lalataccen zai kwafa a kan mai kyau da hannunsa.

Masu Windows ba sa bukatar sayen komai. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 akwai wata manhaja a ciki mai suna File History. Ana haɗa faifan ajiya na waje, a kunna ta, ita kuma ta riƙa kwafar manyan foldodin mai kwamfutar, irin su Documents da Pictures da Desktop, duk bayan awa ɗaya. Ana iya rage tazarar zuwa minti 10 ko a ƙara ta zuwa sau ɗaya a rana. Sai dai a lura da abu biyu. Fayiloli take kwafa, ba ta kwafar Windows kanta ko manhajojin da aka ɗora. Sannan abin da aka zuba a wancan ɗaki na D ba ya cikin lissafinta, sai an shigar da foldar da gangan. Masu Mac kuwa suna da Time Machine tun 2007, wadda ke ajiye kwafin kowace awa na awa 24 da suka wuce, da na kowace rana na tsawon wata ɗaya, da na kowane mako na watannin baya, har sai faifan ya cika ta fara goge mafi tsufa. Masu Ubuntu suna da Déjà Dup. Wanda ke son kwafin kwamfutar ɗungurungum, har da Windows da manhajojinta, akwai irin su Veeam Agent da ke da samfurin kyauta.

Abin takaici shi ne yadda Microsoft ya tura File History can lungun Control Panel a Windows 11, inda ba kowa ke leƙawa ba, ya kuma sa OneDrive a gaba, yana ta tallata shi tun ranar da aka kunna sabuwar kwamfuta. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane dalili. File History ba ta kawo wa kamfanin ko kwabo, OneDrive kuwa gigabait 5 ne kyautarsa, daga nan sai biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara.

Madubi da rumbu

A nan ne mutane da yawa ke samun kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. OneDrive da Google Drive da Dropbox, a asalin aikinsu, madubi ne. Abin da ke cikin foldar kwamfuta shi za su nuna a intanet da sauran na'urorin da aka haɗa. Wannan yana ceton mutum idan an sace kwamfuta ko faifai ya mutu, kuma ba ƙaramin ceto ba ne. Amma madubi ba ya bambance alheri da ɓarna. Ƙanin mai kwamfuta ya goge folda yana neman wurin zuba gem, cikin daƙiƙoƙi an goge ta a can ma. Abin da ya rage shi ne kwandon shara, wanda a Google Drive da OneDrive na ɗaiɗaikun mutane yake riƙe abin da aka goge na kwana 30 kawai. Wanda ya lura a kwana na 10 ya tsira. Wanda sai bayan wata uku ya nemi hotunan sunan 'yarsa ya makara. Rumbu na gaskiya shi ne wanda ke riƙe jiya da shekaranjiya ko da yau ta ɓaci.

Babbar jarrabawar wannan bambanci ita ce manhajar garkuwa da bayanai. Tana shiga kwamfuta ta kulle kowane fayil da makullin sirri, ta bar takardar neman kuɗin fansa. Wadda duniya ta fi tunawa ita ce WannaCry, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayu, 2017, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman dala 300 ta Bitcoin a kan kowace. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Matashi zai iya cewa wannan matsalar manyan hukumomi ce, wa zai yi garkuwa da fayil ɗin ɗalibi? To akwai dangin STOP, wanda aka fi sani da Djvu, da ba ya neman manyan kamfanoni. Abincinsa shi ne ɗaiɗaikun mutane, hanyar shigarsa kuma ita ce manhajojin da aka fasa makullinsu: Photoshop na kyauta, Office na kyauta, 'yar manhajar da ke “kunna” Windows. Duk wanda ya san yadda ake cika sabuwar kwamfuta da manhajoji a wannan yanki ya san a bakin wace rijiya ake wasa.

Idan irin wannan cuta ta shiga, madubin zai ɗauki kullallun fayilolin ya tura sama. Ana iya komawa tsofaffin kwafi idan an yi hanzari, masu biyan kuɗin Microsoft 365 ma suna iya mayar da OneDrive ɗinsu gaba ɗaya yadda yake a wata rana cikin kwana 30 da suka wuce. Amma faifan waje da ke manne da kwamfuta dare da rana shi ma ba ya tsira, domin cutar tana ganin sa kamar kowace folda, ta kulle shi tare da sauran.

Wannan ya kawo wata tufka da warwara da masu tallar manhajojin ba sa son magana a kai. Kafin ajiya ta zama mai sarrafa kanta, dole faifan ya kasance a haɗe. Kafin ya tsira daga garkuwa da tartsatsin wuta da ɓarawon da zai ɗauke jaka da duk abin da ke ciki, dole ya kasance a cire, kuma a wani wuri daban. Mafitar ita ce a haɗa faifan a wani sanannen lokaci, misali duk dare idan an sa caji ko duk ranar Juma'a da yamma, a bari manhajar ta gama, a cire a sa a durowa. File History takan tara wasu canje-canjen a cikin kwamfutar idan ba ta ga faifan ba, ta juye su idan an sake haɗawa, Time Machine ma tana da irin wannan. Gaskiya ne an sake dawo da hannun ɗan Adam cikin lamarin. Amma tsakanin sa waya ɗaya a rami da zama ana tuno waɗanne fayiloli aka taɓa cikin mako, akwai tazara mai nisa. Giɓin da ke tsakanin haɗawa da haɗawa kuwa, shi ne aikin rumbun intanet.

Batun data

Hujjar da aka fi kawowa ita ce tsadar data, kuma ba hujjar banza ba ce, musamman bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Wanda ke haɗa laftof da intanet ta hospot ɗin wayarsa ba zai lamunci wata manhaja ta shanye masa data a ɓoye ba. Amma a yi lissafi da gaskiya. Kundin digiri a Word, mai shafi ɗari, sau da yawa bai wuce 'yan megabait ba. Abin da ake ƙonawa a kallon TikTok kafin a gama shan shayin safe ya ninka shi. Takardun shaida da aka yi wa sikanin, da lissafin shago, da rubuce-rubuce, duk ba su da nauyi. Ba wanda ya ce a tura fina-finan Indiya da aka tara zuwa intanet, waɗannan in sun ɓata ana sake samun su. Folda ɗaya ta abubuwan da ba su da madadi ta isa. Windows ma tana da wurin da ake shaida mata cewa wannan intanet ɗin na awo ne, OneDrive kuma yakan dakata da kansa idan ya ga haka, a sake shi lokacin data ta dare ko a wayifai ɗin makaranta.

Masu tace bidiyo da masu ɗaukar hoton biki su ne lissafin bai yi wa daɗi ba. Biki ɗaya kan iya cin gomman gigabait, tura shi sama ba mai yiwuwa ba ne ga mafi yawansu. Su faifan waje biyu ya kamace su, ana musanya su, ɗaya a shago ɗaya a gida. Kuɗin faifai na biyu yana da zafi, amma mai hoton da ya ce wa uwar amarya hotunan kamu da ɗaurin aure sun tafi, ba kuɗin aikin kaɗai zai mayar ba, sunansa ma ya tafi a unguwar. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1 a littafinsa na 2005: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ba mamaki da ta fito daga bakin mai hoto.

Rumbun intanet ɗin ma gidan wani ne, mai gida kuma yana da dokokinsa. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta na haɗaka ne tsakanin Gmail da Drive da Photos. Tun 1 ga Yuni, 2021 hotunan da ake turawa Google Photos suka fara cin wannan wuri, daga baya ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga lissafin. Wato wayar da ta saba kwafe kanta tana iya cinye gurbin da kwamfuta za ta yi amfani da shi, kuma idan ya cika, tura fayil zai tsaya, saƙon imel ma ya daina shigowa. Asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, Google ya ce yana da damar goge shi. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, masu ajiyar halal suka rasa hanyar kai wa ga kayansu tare da masu satar fina-finai. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu abokan cinikinsa suka tarar ajiyarsu ta ko-ta-kwana ma a harabar take. Mafi kusa da gida kuwa shi ne wanda ya manta kalmar sirri, layin da ya yi rajista da shi kuma an rufe. Fayilolinsa suna nan lafiya, shi ne ba shi da makulli.

Faifan waje ma yana da nasa aibin. Duk wanda ya tsince shi ya haɗa da kwamfutarsa zai ga komai, har hotunan iyali da takardun banki. Time Machine tana ba da zaɓin kulle ajiyar da kalmar sirri, masu Windows samfurin Pro kuma suna da BitLocker. Wanda ya kulle, ya rubuta makullin a takarda ya adana inda ake adana takardar fili.

Saura abin da kusan kowa ke tsallakewa, har da ƙwararru. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi. Suka juya ga ajiyarsu, suka tarar ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. A naɗe cikin barguna aka ɗauko kwamfutar a mota zuwa ofis. Ranar 31 ga Janairu, 2017 irin haka ta faɗa wa GitLab, kamfanin da sana'arsa ita ce ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu. Wani injiniya ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbun bayanai, yana zaton na biyun yake gogewa. Hanyoyin ajiya biyar suke da su a rubuce, ba ko ɗaya da ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe da tsayawa, saƙon gargaɗin da take aikawa ta imel kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin haɗarin ne ya fitar da su, aikin waɗancan awanni shida kuwa ya tafi.

Aibin duk abin da ke aiki shiru ke nan, idan ya tsaya ma shiru yake tsayawa. Faifai ya cika, ko Windows ta canza masa harafi daga E zuwa F, ko OneDrive ya fitar da mutum daga asusunsa bayan ya canza kalmar sirri, ɗan gargaɗin ya bayyana a kusurwar allo a danne shi kamar yadda ake danne sauran. Gwajin bai kai minti biyar ba. Sau ɗaya a wata, a buɗe manhajar a duba ranar da ta yi kwafin ƙarshe. Sannan a zaɓi fayil ɗaya na gaske, a maido da kwafinsa na makon jiya zuwa wata folda daban don kada ya danne na yau, a buɗe shi, a gangara har shafin ƙarshe a tabbatar rubutun yana nan.